Maganin Kamfanin Asali da na Jenerik: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya saba kai takardar likita kantin magani ya san tambayar da ake yi masa: "Mai tsadar za a ba ka ko mai sauƙin?" Sai mutum ya tsaya yana lissafin abin da ke aljihunsa, ga mara lafiya a kwance a gida, ga kuma tsoron kada ya ɗauki mai araha ya zama ya yi wa iyalinsa rowa. Tambayoyin da ke ƙasa su ne aka fi yi a kan wannan lamari. Ba za su hana ka ganin likita ko masanin magunguna ba, amma za su sa ka san abin da kake ba da kuɗinka a kai.

Mene ne maganin jenerik, kuma ina bambancinsa da na kamfanin asali?

Kusan kowane magani suna biyu gare shi. Na farko shi ne sunan sinadarin da ke yin aikin a jiki, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ce ke tsara waɗannan sunaye tun 1953 domin likitan Kano da na Alƙahira su fahimci juna. Na biyu shi ne sunan da kamfani ya raɗa wa kayansa don kasuwa. Panadol sunan kasuwa ne, abin da ke cikinsa paracetamol ne. Flagyl metronidazole ne, Septrin co-trimoxazole ne, Glucophage na masu ciwon suga metformin ne, Norvasc na hawan jini amlodipine ne. Coartem na zazzaɓin cizon sauro haɗin artemether da lumefantrine ne.

Kamfanin da ya fara gano magani shi ne na asali. Idan wa'adin haƙƙin mallakarsa ya ƙare, wasu kamfanoni na da damar yin wannan maganin, da sinadari ɗaya, ƙarfi ɗaya, kuma ta hanyar sha ɗaya. Wannan shi ne jenerik. Gero dai gero ne ko a buhun wa aka zuba shi, muddin mai zubawar bai yi algus ba.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, yawancin magungunan da ke kan kantar kemis a Najeriya jenerik ne, ko da kuwa suna ɗauke da suna mai daɗin ji da kwali mai sheƙi. Lonart da Amatem duk jenerik ɗin Coartem ne. Paracetamol na Emzor da muke sha tun muna yara jenerik ne. Saboda haka sau da yawa idan mai kanti ya ce maka "wannan ya fi wancan", jenerik biyu yake gwada maka, ɗaya dai kamfaninsa ya fi kashe kuɗin talla.

To me ya sa na asalin ya fi tsada haka?

Gano sabon magani aiki ne mai cin shekaru, yawanci goma ko fiye, kuma mafi yawan sinadaran da ake fara gwadawa ba sa kai labari. Don kamfani ya mayar da kuɗinsa, doka ta ba shi shekara 20 na haƙƙin mallaka, ana ƙirgawa daga ranar da ya shigar da takardar neman haƙƙin. A tsawon wannan lokaci shi kaɗai ke sayarwa, shi ke yanka farashi. Mai yin jenerik kuwa bai biya kuɗin bincike ba, kuma ba a buƙatar ya maimaita manyan gwaje-gwajen da aka yi a kan dubban marasa lafiya, tunda an riga an san aikin sinadarin. Da zarar kamfanoni biyar ko goma sun shigo suna gasa, farashi ya faɗi. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta ce jenerik yakan fi na asali sauƙi da kashi 80 zuwa 85 cikin 100, kuma a can, cikin takardun likita goma da ake kai wa kantin magani, kusan tara jenerik ake bayarwa. Ƙasar da ta fi kowa kashe kuɗi a kan lafiya ke nan.

A Najeriya akwai ƙarin dalili. Maganin asali da kuɗin waje ake shigo da shi. A 2023 darajar naira ta karye, kuma a watan Agusta na shekarar kamfanin GSK, mai Augmentin da Ventolin, ya sanar da rufe harkarsa ta kai tsaye a ƙasar. Farashin waɗannan magunguna ya ninka sau da yawa cikin 'yan watanni. Maganin bai ƙara inganci ba a wannan tsakani, canjin dala da ƙarancin kaya ne suka ɗaga shi.

An ce ana rage ƙarfin mai araha. Gaskiya ne?

Idan jenerik ne na halal, ba a rage komai ba. Ƙwayar da aka rubuta mata miligiram 500 dole a samu miligiram 500 a cikinta, da ɗan rangwamen awo kaɗan da ya shafi na asali da na jenerik baki ɗaya.

Bayan awon abin da ke cikin ƙwayar, akwai wani gwaji da ya fi shi muhimmanci. Ana samo masu lafiya da suka yarda, galibi mutum ashirin da wani abu zuwa talatin da wani abu. A ba su na asali, a riƙa ɗibar jininsu lokaci bayan lokaci ana auna yawan maganin da ya shiga da saurin shigarsa. Bayan kwanaki, idan jikinsu ya wanke, a ba su jenerik a sake aunawa. Idan sakamakon biyu ya yi daidai a cikin iyakar da aka gindaya, an tabbatar jiki ba zai bambanta su ba.

A nan ne wani kuskure ya samo asali. Iyakar lissafin da ake amfani da ita ita ce 80 zuwa 125 cikin 100, sai wasu suka ɗauka ai an yarda jenerik ya gaza na asali da kashi 20. Ba haka ba ne. Wannan iyaka ta lissafin tabbaci ce, kuma kafin magani ya tsallake ta dole matsakaicin sakamakonsa ya zo kusa ƙwarai da na asali. Da hukumar Amurka ta waiwayi gwaje-gwaje sama da 2,000 da aka kai mata tsakanin 1996 da 2007, ta samu matsakaicin bambancin bai wuce kusan kashi 4 cikin 100 ba. Irin wannan ɗan bambanci ana samunsa ko tsakanin zubi biyu na maganin kamfani ɗaya.

Sai dai a faɗi gaskiya: ba kowane jenerik da ke yawo a kasuwanninmu ne ya bi ta wannan gwaji ba. Hukumomin Turai da Amurka da Hukumar Lafiya ta Duniya sun daɗe da wajabta shi. NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna ta Najeriya, a 'yan shekarun nan ne ta fara matsa wa kamfanoni su kawo shaidarsa. Shi ya sa sunan kamfanin da ya yi maganin da wurin da ka saye shi suke da nauyi a wajenmu fiye da yadda suke da shi a Landan.

Gwajin jini daban, warkewa daban. Akwai shaidar cewa marasa lafiya na samun sauƙi da jenerik?

Akwai, kuma mai yawa. A 2008 wasu masana a jami'ar Harvard suka tattara bincike 47 da aka yi a kan magungunan zuciya da hawan jini, ba su samu shaidar cewa na asali ya fi jenerik amfani ba.

Amma babbar shaida a nahiyarmu take. A ƙarshen shekarun 1990 an riga an samu haɗin magunguna uku da ke danne ƙwayar cutar ƙanjamau, sai dai kuɗinsa ya kai dala 10,000 zuwa 15,000 a shekara ga mutum ɗaya. A Turai mutane suna tashi daga gadon mutuwa suna komawa aiki, a Afirka kuwa ana ta binne iyaye da matasa, magani na nan amma ba mai iya saye. A 2001 shugaban kamfanin Cipla na Indiya, Yusuf Hamied, ya ce zai sayar da haɗin a kan dala 350 a shekara, wato ƙasa da dala ɗaya a rana. An yi ta cewa kayan Indiya ba za su yi aiki ba, za su ma haifar da cutar da ba ta jin magani. A shekarar ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa tsarinta na tantance magunguna da masana'antun da ke yin su, kuma a watan Nuwamba ƙasashen Ƙungiyar Ciniki ta Duniya suka amince a birnin Doha cewa haƙƙin mallaka ba zai hana ƙasa kare lafiyar mutanenta ba. Zuwa 2017 an ƙulla yarjejeniyar samar da sabon haɗi mai ɗauke da dolutegravir, ƙwaya ɗaya a rana, a kan kusan dala 75 a shekara. Miliyoyin mutanen da ke karɓar wannan magani kyauta a asibitocin Afirka a yau, har da namu, jenerik suke sha. Suna raye, suna aure, suna haihuwar 'ya'ya marasa cutar. Duk wanda ke shakkar jenerik ya kamata ya san wannan tarihi.

Me ya sa launi da siffa suke bambanta idan abu ɗaya ne?

Ƙwaya ba sinadarin magani kaɗai ba ce. Akwai sitaci ko sukarin madara da ke ba ta jiki, da abin da ke riƙe ta kada ta marmashe, da rini, da abin da ke rufe ɗaci. Kowane kamfani yana zaɓar nasa, kuma sau da yawa doka ma ba ta yarda a kwaikwayi kamannin na asali ba. Waɗannan abubuwa ba sa warkarwa. Kaɗan daga cikin mutane jikinsu ba ya karɓar wani rini ko sukarin madara, to irin su sai a sauya musu kamfani.

Masu tambaya a kan ɓawon kafso, wanda galibi da gelatin na dabba ake yin sa, ko a kan barasar da ake sa wa wasu magungunan ruwa, su sani wannan ya shafi na asali da jenerik duka. Takardar da ke cikin kwali tana lissafa abin da aka zuba, kuma sau da yawa akan samu wani kamfani da ya yi maganin ba tare da abin ba.

Ni na gwada da kaina. Na sha mai araha bai yi mini komai ba, da na sayi mai tsada sai na warke. Me za a ce a nan?

Ba za a ƙaryata ka ba, domin hakan na faruwa. Amma dalilan sun fi ɗaya, kuma ya kamata a bi su a hankali.

Mai yiwuwa abin da ka fara saye jabu ne ko marar inganci, za mu zo kansa. Mai yiwuwa kuma ba cutar da kake zato ba ce ke damunka. Mu a nan duk zazzaɓi maleriya ne, alhali akwai zazzaɓin mura da na wasu ƙwayoyin cuta da kan tafi da kansu cikin kwana huɗu ko biyar. Ka sha maganin farko ranar Litinin ba sauƙi, ka sayi mai tsada ranar Alhamis, Juma'a ka miƙe. Sai yabo ya tafi ga na biyun, alhali ciwon ne ya gama kwanakinsa. Gwajin jinin maleriya na minti goma sha biyar ya fi sauƙin kuɗi a kan sayen magani sau biyu.

Akwai kuma yadda aka sha. Haɗin artemether da lumefantrine sau shida ake shan sa cikin kwana uku, kuma yana buƙatar abinci mai maiƙo ko madara kafin ya shiga jini sosai. Wanda ya sha shi da ruwa a kan yunwa, ko ya daina a rana ta biyu don ya ji dama, zazzaɓin zai iya dawo masa ko na wane kamfani ya saya. Ƙarfin ƙwayar ma ya bambanta: akwai mai 20/120 da babba ke shan huɗu a lokaci guda, akwai mai 80/480 da ake shan ɗaya. Wanda ya saba da babbar ƙwaya, aka ba shi ƙaramar ya ci gaba da shan ɗaya-ɗaya, rubu'in magani yake sha.

Sannan akwai zuciya. A wani bincike da aka buga a 2008 a Amurka, an ba mutane ƙwayar da babu magani a cikinta aka ce ta rage zafi ce. Waɗanda aka gaya wa kuɗinta dala biyu da rabi, kashi 85 cikin 100 suka ce sun ji sauƙi. Waɗanda aka ce wa an karya farashinta zuwa santi goma, kashi 61 ne suka ce haka. Ƙwaya ɗaya ce. Mun taso da jin cewa araha ba ta ado, kuma a kan tufafi da takalma maganar tana da gaskiya, amma ba a auna magani da ita.

Ashe jenerik da jabu ba abu ɗaya ba ne?

Ko kusa. Wannan ruɗani shi ne ya fi cutar da mutane. Jenerik magani ne na halal, mai rajista, wanda aka san masana'antar da ta yi shi. Jabu kuwa na ɓarayi ne: an kwaikwayi kwali da suna, a ciki alli ne ko gari, ko ɗan maganin da bai kai ba. Akwai kuma na uku, marar inganci, wanda kamfani na gaskiya ya yi amma aikin bai yi kyau ba, ko zafi da daɗewa suka lalata shi.

Ka yi tunani a kan wanda mai yin jabu zai fi so ya kwaikwaya. Ribarsa tana wajen suna mai tsada da kowa ke nema. Don haka sayen mai tsada a wurin da ba a yarda da shi ba bai kare ka daga komai ba, ya ma fi jefa ka cikin haɗari.

Matsalar ba ƙarama ba ce. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin goma na magungunan da ke ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita jabu ne ko marar inganci. A annobar sanƙarau ta 1995 a Nijar, an yi wa mutane sama da 50,000 allurar rigakafin jabu. A 2008 maganin haƙoran yara mai suna My Pikin, wanda aka haɗa da sinadari mai guba, ya yi sanadin mutuwar yara 84 a Najeriya. A 2022 irin wannan guba a maganin tari ta kashe yara kusan 70 a Gambiya. Duk waɗannan sakaci ne da ha'inci da raunin sa ido. Bai kamata su sa uwa ta ƙi jenerik mai kyau ba, ya kamata su sa ta kula da inda take saye.

Ɗan Indiya ko ɗan Ingila, wanne ya fi? Na gida fa?

Masana'anta ake dubawa, ba ƙasa ba. Indiya tana da masana'antun da ke sayar wa Amurka da Ingila magani, jami'an waɗannan ƙasashe suna zuwa suna bincikarsu. Tana kuma da ƙananan da ke yin kaya na jeka-na-yi-ka don kasuwannin da ba a tsananta bincike. Ko manya ma an taɓa kama su: a 2013 kamfanin Ranbaxy ya amsa laifi a Amurka a kan gurɓatattun magunguna da bayanan ƙarya, ya biya dala miliyan 500. A 2018 kuma an janye magungunan hawan jini masu valsartan daga ƙasashe da dama saboda wani gurɓataccen sinadari da aka gano a cikinsu. A ɗaya ɓangaren, ƙwayar da aka rubuta wa "Ingila" a kwali, sau da yawa garin sinadarinta daga Indiya ko Sin aka kai shi.

Na gida ma suna da nagari. Kamfanin Swiss Pharma da ke Legas ya samu tantancewar Hukumar Lafiya ta Duniya a kan ƙwayar zinc ta gudawar yara a 2023. Ita kanta NAFDAC, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta a mataki na uku na ƙwarewa a 2022, matakin da Ghana ta taka tun 2020. Akwai sauran aiki, amma raina duk abin da aka yi a gida ba adalci ba ne.

Ta yaya zan gane mai kyau idan na je saye?

Fara da wurin. Kantin magani mai rajista da hukumar masana magunguna, wanda ke da masani a ciki, shi ne na farko. Kemis na unguwa mai lasisi yana da iyakar abin da doka ta yarda ya sayar. Mai tallar magani a faranti ko a baro ko cikin motar haya kuwa, ko da kayansa na gaskiya ne, rana ta riga ta gama da su. Yawancin ƙwayoyi an rubuta a ajiye su ƙasa da digiri 30, mu kuwa a watan Afrilu zafin Sakkwato da Maiduguri da Yamai yana wuce 40. Wannan na cikin dalilan da suka sa aka tashi 'yan kasuwar magani na Sabon Gari a Kano a 2024, aka mayar da su cibiyar Dangwauro da ke hanyar Zariya, inda ake iya sa ido a kan shigar kaya da ajiyarsu.

Sai kwalin. Duba lambar rajistar NAFDAC, kuma za ka iya neman sunan maganin a kundinta na intanet mai suna Greenbook ka ga ko lambar ta dace da shi, domin masu jabu ma suna buga lamba. Duba ranar ƙarewar aiki da lambar zubi, ka tabbatar abin da ke kan kwali shi ne ke kan katin ƙwayoyin. Magungunan maleriya da wasu na kashe ƙwayoyin cuta suna da wurin kankarewa, tsarin da aka fara a 2010: ka kankare, ka aika lambar ta saƙon waya kyauta, amsa ta zo maka. Ka yi haka kana tsaye a kantin. Rubutu mai kuskure, ƙwaya mai marmashewa ko wadda ta canza launi, da farashin da ya yi ƙasa fiye da hankali, duk dalilai ne na ajiye kaya ka tafi. Kada kuma ka yarda a ƙirga maka ƙwayoyi tsirara a leda ba suna ba kwanan wata.

Akwai magungunan da bai kamata a riƙa sauya musu kamfani ba?

Akwai, kuma a nan ne taka-tsantsan yake da wuri. Wasu magunguna tazarar da ke tsakanin adadin da ke warkarwa da wanda ke cutarwa ƙanƙanuwa ce, ɗan canji kaɗan a jini zai iya bayyana. Daga cikinsu akwai na farfaɗiya irin su phenytoin da carbamazepine da phenobarbital, da warfarin mai tsinka jini, da levothyroxine na masu matsalar maƙoƙo, da digoxin na zuciya, da lithium na masu larurar ƙwaƙwalwa, da magungunan da waɗanda aka yi wa dashen ƙoda ke sha, wato tacrolimus da ciclosporin. A Ingila tun 2013 hukumarsu ta ba da shawarar a bar mai shan waɗannan magungunan farfaɗiya a kan kamfani ɗaya.

A lura da kyau, ba a ce dole sai na asali ba. An ce wanda ka fara da shi ya karɓe ka, ka zauna a kansa, ko jenerik ne. Idan ya yanke a kasuwa dole a sauya, to da sanin likita, a kuma sa ido ko a yi gwajin jini. Abin da ya fi komai haɗari ga mai farfaɗiya shi ne ya zauna babu magani yana jiran kamfaninsa ya dawo.

Haka kuma ƙwayoyin da ke sakin magani a hankali, waɗanda za ka ga an ƙara musu haruffa kamar SR ko XR ko MR, ba a musanya su da na yau da kullum ko da suna da miligiram sun zo ɗaya, kuma ba a tauna su ko a daka. Insulin ma iri-iri ne, akwai mai saurin aiki akwai mai daɗewa, ba a sauya shi a kan kanta. Abin shaƙa na masu asma kuwa, salbutamol ɗin ɗaya ne, sai dai idan na'urar ta bambanta a nemi a nuna maka yadda ake amfani da ita.

Mahaifiyata na da hawan jini. Likita ya rubuta mata mai tsada, kuɗin ba ya isa wata. Ya zan yi?

Ka koma wajen likitan ka faɗa masa gaskiya, babu kunya a ciki. Ka ce ya rubuta sunan sinadarin, ko ka tambayi masanin magunguna wane jenerik mai rajista ne daidai da shi. Amlodipine da lisinopril da metformin duk sun daɗe da fita daga haƙƙin mallaka, kamfanoni masu kyau da yawa suna yin su.

Abin da ke faruwa a gidaje da yawa yana da ban tausayi. 'Ya'ya su sayi mai tsada don nuna ƙauna, ya ƙare a kwana goma, Hajiya ta zauna kwana ashirin ba magani, ko ta riƙa raba ƙwaya biyu, ko ta sha sai ranar da kanta ke ciwo. Hawan jini ba ya jira, kuma shanyewar ɓarin jiki a irin waɗannan ranakun take zuwa. Jenerik mai kyau da za ta sha kullum ba fashi ya fi mata na asali da za ta sha rabin wata. Bayan an sauya, a riƙa auna jininta na 'yan makonni, awon zai nuna ko maganin na aiki.

Mai kanti zai iya sauya mini abin da likita ya rubuta?

Masanin magunguna zai iya ba ka wani kamfani idan sinadari da ƙarfi da siffa duk ɗaya ne, kuma ya kamata ya gaya maka ya yi hakan. Abin da ba shi da hurumi shi ne ya ba ka wani sinadari daban ya ce "aikinsu ɗaya". Wannan sai likita. Idan likita ya nace a kan kamfani guda, ka tambaye shi dalili cikin ladabi. Wani lokaci dalilin na lafiya ne, wani lokaci ya taɓa ganin marasa inganci ne ya daina yarda da wanda bai sani ba, wani lokaci kuma sabo ne kawai da sunan da wakilan kamfani suka fi kawo masa.

A Nijar da sauran maƙwabta haka abin yake?

Tushen ɗaya ne. A ƙasashen da ke amfani da sefa, karyewar darajar kuɗin da rabi a watan Janairun 1994 ta ninka farashin magungunan da ake kawowa daga Faransa, shi ya sa gwamnatoci suka rungumi jenerik a asibitoci da ɗakunan shan magani. Sunayen kasuwa ne kan bambanta: paracetamol ɗin da ɗan Kano ya sani da Panadol, ɗan Maraɗi zai fi saninsa da Doliprane ko Efferalgan. Matafiyi da mai zuwa aikin Hajji su rubuta sunan sinadarin maganinsu da ƙarfinsa a takarda, da shi za a gane abin da suke nema a kowace ƙasa.

Akwai wani haɗari da yawan sunaye ke jawowa?

Akwai, kuma ba a cika maganarsa ba: shan magani ɗaya sau biyu. Mutum ya sha Panadol don ciwon kai, ya ƙara da paracetamol don zazzaɓi, ya kawo maganin mura wanda shi ma akwai paracetamol a ciki. A ganinsa magani uku ya sha. Babba bai kamata ya wuce giram 4 na paracetamol a yini ba, wuce haka yana lalata hanta, kuma alamun ba sa fitowa sai bayan kwana ɗaya ko biyu. Haka dattijon da ya karɓo amlodipine a asibiti, ɗansa kuma ya aiko masa da Norvasc, ya haɗa yana sha, sai jiri da kumburin ƙafa. Ƙananan haruffan da ke ƙarƙashin babban suna su ne abin karantawa. Idan a gida akwai wanda ba ya karatun boko, a tattara duk magungunansa a leda a kai wa masanin magunguna ya duba su tare.

Idan na sha wani magani na ga bai yi aiki ba ko ya ba ni matsala, me zan yi?

Kada ka jefar da kwalin, domin lambar zubin da ke jikinsa ita ce za a bi a gano sauran. Idan matsalar mai tsanani ce, kamar kumburin fuska, ƙuraje masu yaɗuwa, wahalar numfashi, ko yaro ya daina fitsari bayan shan maganin ruwa, a tafi asibiti nan take da maganin a hannu. Idan rashin aiki ne kawai, a koma wa likita kafin a sayi wani. Sannan a kai rahoto ofishin NAFDAC na jiha ko ta manhajarta ta waya mai suna Med Safety, tare da sunan maganin, lambar zubi, da kantin da aka saya.